Rasuwar Injiniya Abdourahamane Chaibou da Roƙon Maido da Littattafansa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Uwayen Ɗalibai 'Yan Nijar ta Villeurbanne, kusa da Lyon, ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu kuma malamin 'ya'yanmu, Dakta Injiniya Malam Abdourahamane Chaibou, wanda ciwon zuciya ya kayar ranar Talata a Paris, inda ya je ganin lauyarsa. Ya cika a asibiti yana da shekara arba'in da tara, aka yi masa sutura a La Courneuve. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi mutumin Damagaram ne, ya shekara ashirin yana bincike a Lyon, kuma yana da birebe biyu, wato takardar hukuma mai shaida cewa shi ya ƙirƙiro abu. Na farko na wata na'ura ne mai auna kaushin fuskar ƙarfe da haske, kaushin da ido ba ya gani, yatsa ba ya ji. Na biyu dabara ce ta allunan talla na gefen filin ƙwallo, yadda mai kallon talabijin a kowace ƙasa zai ga talla da harshensa. Duk da wannan matsayi, kowace Asabar sai ya hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, ya zo ya koya wa 'ya'yanmu lissafi, kuma da yawa cikinmu a hannunsa muka iya karanta wasiƙar makaranta bayan mun yi furfura. Yakan ce mana, "Hajiyoyi, kada ku sa hannu a abin da ba ku karanta ba, ko ni na kawo muku."

Wajibi ne mu faɗi kuskurenmu. Ranar sadakar uku mun gyara ɗakin aikinsa don mu rage wa iyalinsa wahala, muka tarar da littattafai bakwai da rubutun ajami. Mun ɗauka addu'o'i ne, muka raba wa masu ta'aziyya don lada ta kai gare shi. Ashe aikinsa na uku ne, wanda bai gama shigarwa don neman birebe ba, ya rubuta da ajami don kada a sace. Huɗu sun dawo. Ɗaya an ƙone shi saboda girmamawa, don ya yage. Biyu ba mu san inda suke ba.

Lauyarsa, Madam Monique, ta ce wa'adin cika takardun zai ƙare ran talatin ga wata, kuma in hoton shafi ɗaya ya bazu a waya, haƙƙin marayunsa, Nassim da Lina, ya faɗi ke nan har abada. Don girman Allah, wanda littafi ke hannunsa, a Lyon ko unguwar Porte de la Chapelle ta Paris, kada ya ɗauki hoto, kada ya tura wa kowa don neman fassara. Ya kawo masallacin unguwa ya ba liman. Ba za a tambayi sunansa ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Hajiya Sahadatou, da dangi na nan da na gida. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba su juriya. Hajiya Sahadatou, ki yafe mana. Saura kwana goma sha ɗaya, kuma gida-gida muke bi.

Sa hannu:
Hajiya Maimouna Maazou
Sakatariya, a madadin Ƙungiya