Na Ce wa Baƙi Ni Mai Araha Ne

Goggo Sun-ja, ki taimake ni, mutuncina na shirin zubewa a Incheon.

Na tsufa a kamfanin tayoyin mota kafin na zama shugaban sashe. Da aka ce baƙi za su zo daga Amurka, na haddace sunayen muƙamai da Turanci, daga masinja har mai kamfani. Nawa da "chief" yake farawa, wato shugaba. Kin san harshenmu na Koriya ba shi da "f". Na rusuna, na miƙa katina hannu biyu, na shaida musu ni "cheap" ne, wato mai araha. Har sau uku! Wani Bature daga cikinsu ya ce ya gode da na faɗi gaskiya.

Yanzu yaran ofis Mai Araha suke kirana a bayan ido. Yeon-ju, ƙaramar ma'aikaciyar da ta yi karatu a waje, in ta gan ni sai tari ya kama ta. Abin da ke hana ni barci, ranar Litinin ni zan gabatar da mai kamfani a gaban baƙin, shi ma muƙaminsa da kalmar yake farawa. In na karya farashinsa, ƙarin girmana ya tafi. Yeon-ju ta iya, amma yaya zan roƙi yarinyar da ko zama ba ta yi sai na zauna?

Naki, Shugaban da Ya Faɗi Warwas

Ranka ya daɗe,

Na yi dariya har kimchi, kabejin nan namu mai yaji, ya sarƙe ni, ka yafe mini. Ka yi ƙoƙari, sa'anninka da yawa ko gwadawa ba sa yi. Yaran ma kada ka riƙe su, kai da kanka za ka dara in wani ne.

Gyaran ba wuya: haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ka hura iska kamar mai son miya ta huce. Sai dai madubi ba zai gaya maka in ka kauce ba, Yeon-ju ce za ta gaya maka. A wannan fannin ita ce babba. Gobe ka kira ta, ka zuba mata shayi hannu biyu yadda take zuba maka, ka ce mata Malama.

Ka zaɓa: ka rusuna wa yarinya ɗaya a ɗaki, ko ka yi gwanjon mai gidanka a bainar jama'a.

Allah ya sa ka yi tsada ranar Litinin.

Goggo Sun-ja