Karen da Laoban ya ba ni

Salamu alekum Kawu Sale. Ina gajiya, ya jikin Inna, ya yara, ya karnukan farautarka?

Kawu, ni da duk kasuwar Zhanxi ake gaisarwa, yau kare nake reno! Laoban, wato maigidan da ke sayar min da takalma, karyarsa ta haifi biyar masu dogon kunne. Huɗu jajaye tas, wai na gasar kyau ne. Ɗayan da farin tabo a ƙirji, wai baze ci gasa ba, sai zaman gida. Nace yana kama zomo? Yace meiyou, wato babu. Shi ya ɗauko ya bani kyauta. In naƙi, takalman Sallah sun tafi, dole na karɓa. Karen ya lashe jallabiyata, ya tauna samfurin takalmi. Tir!

A sa ni a addu'a Laoban yace in maido. Agaida Inna.

Ɗanka, Bala Sarkin Takalma