Akwatin Faiba Ya Tsare Kujerar Ladan

Zuwa ga Yallaɓai shugaban sashen da ke tantance ajin kaya a kwastam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, na rubuto ne raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye ba.

Ni 'yar Maamobi ce, sana'ata raba intanet gida-gida. Muna jan wayar faiba, wadda haske ke ɗaukar saƙo ta cikinta, ta saman kwanon mutane, daga bakin babbar kwata har cikin lungunan Nima. Abin da ke raba layin nan shi ne wani akwatin ƙarfe da muke kira suwic, girmansa bai wuce faranti ba. Irinsa na yi oda, kuma a kansa ne mutanenka suka tsare kwantena sukutum tun kafin azumi.

Na farko. Har yau ba a gaya mini laifin kayana ba, domin jami'anka ma ba su yarda da juna ba. Wanda ya fara buɗewa ya ce kayan sadarwa ne. Na biyu ya ce tunda haske ke bi ta cikinsa, ajin kayan gilashi da madubi zai shiga. Wani kuma ya juya shi a hannu ya ce ɓangaren kwamfuta ne. Kowane aji da kuɗin fitonsa. Bara na shigo da irin wannan akwatin, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, aka wuce da shi a kayan sadarwa ba gardama. Akwatin dai bai sauya ba, Yallaɓai. Na ce a zaɓi ajin da ya fi tsada in biya in huta, aka ce ai ba a biya sai an yanke hukunci, mai yanke hukuncin kuma kullum yana taro.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni barci. Wataƙila ba ka san yadda muke yi a Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, ba. Ba wanda ke cika kwantena shi kaɗai. Yaranmu da ke Jamus sukan haɗa kaya wuri ɗaya, wannan ya sa firiji, wancan keken ɗinki, sai a rubuta duka da sunan wanda yake da rajistar kasuwanci. Amana ce, haka muka taso muka tarar. Bana sunana aka sa. A cikin kwantenar nan akwai kujera mai taya ta Baba Ladan, dattijon da ya yi ta kiran salla a masallacin layinmu tun ban san hannun damana ba. Ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa. Ɗansa ya yi ta wankin kwanuka a ƙasar sanyi har ya saya masa kujerar. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Na roƙi ejan ɗinmu mai fitar mana da kaya daga kwastam ya nemi a ware kujerar. Amsar da ya kawo ita ce takarda ɗaya ce, suna ɗaya ne, ba a sakin rabi. To ina ruwan kujerar gurgu da hasken da ke bi ta cikin waya? In ni ce tsuntsun da ya ja ruwa, ni ruwan ya kamata ya doka.

Na uku. Na sha hawa motar haya ta trotro zuwa ofishinku har mai karɓar kuɗin motar ya daina tambayata inda zan sauka. Idan na dawo, mai kokon bakin layi takan kawar da kai. Matar da keken ɗinkinta ke ciki ta yi sallar bana ba ta ɗinka wa kowa ko ɗankwali ba. Waɗanda dā ma suke cewa me ya kai mace harkar waya sun sami abin faɗi. Wannan duk zan iya haɗiyewa.

Abin da na kasa haɗiyewa ya faru shekaranjiya. Baba ya aiko in zo, na tafi ina jiran faɗa. Ashe so yake in kira masa ɗansa, don ba ya iya latsa waya. Ina riƙe da wayar a gabansa ya ce wa yaron kujera ta iso, tana da laushi, har ya je Juma'a a kanta. Yaron ya fashe da kuka don murna. Mutumin da unguwa ke kafa shaida da maganarsa, ga shi yana ƙarya a kan tabarma don kada ɗansa ya karaya. Da ya gama bai kalle ni ba, ni ma ban iya kallonsa ba. Kafin a kashe wayar kuwa, yaron ya ce a turo masa hoton Baba a kan kujerar ranar Juma'a mai zuwa.

Don haka ga roƙona. A zaunar da jami'anka su ba akwatin nan aji ɗaya, a rubuta, ya zama shi ne na bana da na baɗi. In kuwa hakan ya fi ƙarfinsu, na yafe. Ku riƙe suwic ɗin, ku yi gwanjonsa, ku jefa shi a teku in kun ga dama. Sana'ata za ta ji jiki, na sani, amma ni ina da ƙafafuna biyu. Ku sakar wa bayin Allah kayansu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka 'ya'ya masu tuna ka in ƙarfi ya ƙare, ya kuma sa abin da za su aiko maka ya iske ka da rai. Ranar Juma'a ni zan riƙe wayar, Yallaɓai, kuma ban san abin da zan ɗauka ba.

Wassalam.

Taku,
Mai raba intanet a Maamobi