Ƙashin Wuyan Mama Ya Kama

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya maigida da yara, ya sanyin Jos?

Albishirinki! Ƙashin da aka ciro daga ƙugun Mama aka dasa mata a wuya ya kama! Da ya ƙi haɗewa, har likita ya fara maganar sake aiki. Ashe duk Lahadi cire abin tallafe wuyan da likita ya sa mata take yi, wai yana ɓata mata ankon zumuntar mata. Sai matan cocinmu na Wulari suka lulluɓe shi da atamfar ankon, ba ta sake cirewa ba.

Jiya likita ya duba hoto ya ce ta cire. Ta ce sai bayan Lahadi!

Ku ci gaba da yi mata addu'a. Ki gaida Kawu Bitrus.

Ƙanwarki,
Rifkatu