Muryar Marigayi Tana Kirana Daga Ɗakin Auta

Hajiya Sakinatu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin an bar mini makullin wani ɗaki, kuma ko na bayar ko na hana, ina ganin sai na yi rashi.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan na aurar da 'ya'yana mata, kuma wannan ba magana ce da zan sa wani ya rubuta mini ba.

Ni mutuniyar Haɗeja ce, ina cikin takaba. Maigidana ya rasu bayan Babbar Salla. Masunci ne, yana kuma noman shinkafa a fadama, kuma duk unguwarmu shi ake tambaya yaushe ruwa zai iso. Ɗanmu namiji ɗaya ne, Sa'idu, muna ce masa Auta. Ya yi karatun kwamfuta a Kano, yanzu yana aiki da masu kula da fadama da tsuntsaye. Sun ba shi injin kwamfuta ya kawo gida don ya ƙarasa wani aiki da yake kira furogiram. Yadda ya yi mini bayani, umarni ne yake rubuta wa injin: idan 'yan makaranta suka zo ofishinsu, hoton tsuntsu ya fito, a ji kukansa, sannan a ji muryar dattijo yana ba da labarinsa, in ya kai ƙarshe ya koma farko da kansa, ya yini yana yi.

Dattijon nan babansa ne. Bara da rani ya zaunar da shi a zaure da rikoda, ya yi ta ba shi labarin dinya da kirinjijiya da shamuwa, da yadda ake su a kan gora, da shekarun da babu ciyawar kacala a kogi. Ana cikin haka ƙishi ya kama shi, ya ɗaga murya ya kira ni. Yana da wani suna da shi kaɗai yake kirana da shi, Zinariya. Na kawo ruwa, Auta ya danne rikodar don kada ƙarar kwano ta shiga, babansa ya sha, suka ci gaba. Daga baya Auta ya juye maganar cikin kwamfuta, kaset ɗin kuwa rikoda ta cinye zarensa. Don haka duk duniya babu inda muryar ta rage sai cikin injin nan.

Wata La'asar aka kawo wuta, ina madafi ina tsintar shinkafa, sai na ji muryarsa daga ɗakin Auta yana maganar dinya. Na daure na ci gaba da tsinta. Can sai na ji ya ce, Zinariya, kawo ruwa. Hajiya, wallahi ban san sanda na ce na'am ba. Har na miƙe na ɗauki moɗa. Kuma bai yi shiru ba. Ya sake faɗa, ya sake, ya sake, da ɗan tarin nan nasa a gaba kowane karo, ba ya gajiya, ba ya jan numfashi. Auta yana ta danne-danne abin ya ƙi tsayawa, sai da ya zare wayar daga bango.

Yayar marigayi, Yaya Rahmatu, ita ce take zaune da ni saboda takaba, kuma a kan kunnenta na amsa. Carbinta ya faɗi. Ta ce a wurinmu ko a mafarki mamaci ya kira ka ba a amsawa, wanda ya amsa ya kama hanya. Ta kawo mini labarin wata mata a Kaugama da ta amsa, ba ta ga kaka ba. Ta ce kuma tunda ruwa yake nema, ƙishi yake ji a inda yake. Ta sa an girka randa a ƙofar gida ana sadakar ruwa, amma masu wucewa sun ji dalili, ba mai sha. Maƙwabta sun daina aiko yara ɗibar wuta.

Auta ya ce kuskure ne a rubutunsa, zai gyara. To amma ga abin da ya hana ni sukuni: abin ya faru ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma bai taɓa maƙalewa a kan dinya ko tarwaɗa ba. Kullum sai ya zo kan sunana. Ya canja sifika, ya aro wani ƙarfe daga abokin aikinsa Istifanus ya sa a cikin injin, ya goge rubutu ya sake. Wata rana hoto ya fito babu murya sam, shirun ya fi ba ni tsoro. Wata rana kuma murya biyu suka fito tare, marigayi yana magana a kan maganar kansa. Sannan ya koma gidan jiya. Na taɓa leƙa gilashin injin ko zan gane wani abu, duk Turanci ne.

Yaron ya rame. Ba ya gaida gwaggonsa sai a tsaye. Ni ma abinci ba ya shiga, ƙirjina yana nauyi, kuma in na juya sai in ga Yaya Rahmatu tana kallona irin kallon da ake yi wa mai shirin tafiya. Ga ruwa yana ta hauhawa, bana ya riga ya taɓa bayan katangar masu rini, wanda zai ce mana mu kwashe hatsi ko mu bari ba ya nan.

Shekaranjiya ƙanin marigayi, Mala, ya zo ya tsaya a bakin ƙofata. Ya ce Auta zai tafi Baturiya duba tsuntsaye a ƙarshen wata, in ya tafi in ba shi makullin ɗakin Auta, zai sa injin a kwalekwale ya kai shi tsakiyar kogi, kafin in fita takaba. Ya ce raina yake ceto. Maganar ta koma kunnen Auta. Bai yi faɗa ba. Ya ce duk ranar da aka taɓa injin nan shi da gidan nan har abada, sannan ya sa makullin a tafin hannuna ya ce da ni kaɗai ya yarda.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Idan muryar ta fara, ba na gudu. Bayan labule nake tsayawa ina ji, leɓena a cije don kada in sake amsawa. Ina tsoronta, kuma ba na so ta tafi.

Hajiya, in na ba Mala makulli na rasa ɗana. In na hana shi, ban sani ba ko Auta ne zai rasa ni. Yaya zan yi?

Uwar Auta, Haɗeja.

*

Wa'alaikis salam, Uwar Auta. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ku haƙuri. Rubutunki ya fita sarai, har ma amsar tana cikinsa.

Kada ki ba da makullin. Amana ce a hannunki, injin kuma ba na Auta ba ne balle na Mala. Abin da aka jefa a kogi ba ya dawowa, haka ma ɗan da ya fita da irin wannan rantsuwa.

Na kai wasiƙarki wurin wani mai koyar da kwamfuta a nan Kano, na ɓoye sunaye. Yana zuwa inda Auta ya danne rikoda ya ce ga wurin. Bisa dukkan alamu maganar ta shiga injin kashi biyu, na farko ya ƙare daidai kan kiranki. Injin yana ɗibar murya ne kaɗan-kaɗan, kamar mai awo da ƙaramin kwano. Idan ya juye kwanon ƙarshe na kashin farko bai sami na biyu ba, kuma ba a ba shi umarnin tsayawa ba, sai ya yi ta juye wanda ke hannunsa. Ba sunanki ya zaɓa ba. A nan aka yanke.

Ga saƙonsa ga Auta. Kafin komai ya kunna kowane kashi shi kaɗai da abin sauraren da ya zo da injin, ba da furogiram ɗinsa ba, ya juye su a sababbin kaset, ya ajiye ɗaya a wani gida mai tudu. Damina ce, kuma murya a wuri ɗaya tak ganganci ne. Idan kowane kashi ya tafi lafiya shi kaɗai, ya bar sifika da ƙarafa su huta, laifin yana rubutunsa. Ya duba ko ya rubuta sunan kashi na biyu daidai, ko kuma an ɗauki kashin biyu da ma'aunin sauti ɗaya. Ya cire umarnin komawa farko gaba ɗaya sai komai ya tafi daidai, sannan ya mayar da shi bayan kashi na ƙarshe kaɗai. Murya biyu da kuka ji, injin ne ya buɗe sabuwa bai rufe tsohuwa ba, sai ya sa a rufe kowace kafin a buɗe ta gaba. Gwajin kuma ya daina yin sa da muryar babansa. Ya yanka kukan dinya biyu ya gwada da shi. In dinyar ta maƙale a inda aka yanke ta, ya kira gwaggonsa da Mala su ji da kunnensu.

Amma Auta ma yana da nasa laifin. Gidan makoki ba wurin sakin muryar mamaci a sifika ba ne. Yaya Rahmatu ƙaninta ta rasa, Mala wansa, kuma tsoronsu don ke suke yi. Ki zaunar da Auta ki ce masa kafin ya tafi Baturiya ya mayar da injin ofis da hannunsa, ya je ya durƙusa ya ba gwaggonsa haƙuri. Da haka Mala ya sami abin da yake so, babu wanda ya shiga kwalekwale. Ki kuma roƙi limaminku ya zo ya yi musu magana, domin ajali ba ya jiran a ce na'am, ba ya kuma fasawa don an yi shiru. Randar sadaka a bar ta, alheri ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki ba injin ba ne. Nauyin ƙirjin nan ne da rashin cin abinci. Takaba ba ta hana zuwa asibiti, ki je cikin makon nan. Mace tana iya sa wa ranta tafiya har jikinta ya yarda.

Tsayuwar da kike yi bayan labule kuwa, babu abin kunya a ciki. Idan kin fita takaba, kin ji ƙarfin zuciya, ki ce Auta ya kunna miki kashi na biyu. Mutumin da za ki ji a ciki ya riga ya sha ruwansa, muryarsa ta washe, ya koma kan labarin tsuntsayensa. Kiran nan kin amsa shi tun bara, kin kai ruwan da hannunki, yana da rai ya karɓa.

Allah ya ba ki lafiya da tsawon kwana, ya daidaita tsakanin Auta da dangin babansa, ya sa ruwan bana ya tsaya muku a fadama.

Hajiya Sakinatu.