Man Shanun Inna

Badun,
Nuwamba, 1984.

Zuwa ga yayana Namadi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da Balaraba da yara. Yaya shanu, yaya kaka a Bukkuyum? Ni kam lafiya lau, kada ku damu.

Aikina bai canza ba, kiwon ɓeraye nake yi wa likitocin jami'a, ka yi ta dariyarka. Zuriya biyu ce, abinci ɗaya nake zuba musu. Amma in an ɗebi jininsu ya kwanta, na zuriya ɗaya sai samansa ya yi fari kamar madara. Likitar da nake wa aiki ta ce kitse ne, kuma gadonsa ake yi, yadda maraƙi ke ɗauko launin uwarsa.

Makon jiya ta tsaya tana kallon fuskata, ta tambaye ni wanga ɗigon rawaya da ke fatar idona. Yaya, irin na marigayi Baba ne. Ka tuna yadda ya dafe ƙirji ya faɗi bakin rijiya, ko furfura bai yi ba? Ta ɗebi jinina, ban ji sakamako ba tukuna. Ina cin abinci, barci ne dai ya ƙi.

Don Allah ka duba idonka a madubi, ka duba na yaranka da rana tsaka, ka aiko mini gaskiya. Man shanun da Inna ke aiko mini kuma, likita ta hana. Kada ka faɗa wa Inna dalili. Ka ce zubewa yake yi a mota.

Allah shi tsare mu.

Ƙanenka,
Malami.