Wa Ke Ba Baba Ruwa?

Treichville, Abijan

Zuwa ga Baffa Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, Allah ya ƙara tsawon rai. Mu nan da sauƙi. Afra'u ta yaye yaronta, cinikin goro a kasuwar Adjamé kuwa sai godiya.

An yi wa Baba aikin hanji a wani asibiti nan Treichville, ya farka lafiya. Likita ya ce ko ɗigon ruwa kada ya shiga cikinsa sai hanjin ya motsa, ƙarin ruwan da ake masa ta jijiya ya isa. Amma ƙishi fa, Baffa! Leɓɓansa sun tsage, yana roƙona kamar ba shi ya haife ni ba. Abin da aka yarda kawai, in jiƙa auduga in shafa masa a baki. Na nemo littafin jinya na karanta da kaina, haka ya ce.

Sai ga shi jiya ya yi amai, ciki ya kumbura, likita ya hau ni da faɗa wai na ba shi ruwa. Ni! Ban ba shi ba. Na dai lura duk zuwan da ƙanwarku Goggo Dije za ta yi, sai ta tura ni masallaci ko sayen ayabar da ba mai ci. In dawo in tarar da wuyan rigarsa a jiƙe, harshensa da baƙi-baƙi. Rubutu ne, Baffa. Da na tambaye ta, ta ce Faransanci ya cinye min imani. Na ce ta kawo in tsoma audugar a ciki, ayar ta taɓa bakinsa, ta ce rubutun da bai sauka ciki ba ba ya aiki. Kwalbar rubutun kuma, da na gan ta, da jaridar Kano aka naɗe ta. Ban ce kai ka aiko ba, amma wa muke da shi a Kano?

Likita ya ce in ɗinkin ya buɗe sai an sake yanka, kuma Baba ba shi da wannan ƙarfin. Abdulmutallib mai atamfa zai kawo maka takardar nan, gobe jirginsa zai tashi. Don Allah ka bugo waya ka hana Goggo, maganarka kaɗai take ji. Kafin nan na rufe rumfa, a gefen gadon nake salla. Ta rantse ba za ta ƙara amsa gaisuwata ba. Ta daɗe ba ta amsa ba, in dai ɗinkin ya kama.

Ka gaishe min da Inna Barakatu da Sa'a da Jidda.

Ɗanka,
Nu'uman